Hannun Ustaz Lurwanu da 'Yar Beljik

Duk wanda ya zauna a unguwar Ranuna ta Madina wajen shekara ta 1401 ta Hijira ya san cewa Allah ya yi wa unguwar baiwa biyu: kusanci da masallacin Ƙuba, da kuma Ustaz Lurwanu Abdulsalam. Wasu ma na ganin da na biyun ya kamata a fara.

Kakansa ya taso daga Haɗeja da ƙafa, ya yi shekara bakwai kafin ya ga Madina. Jikan kuwa ya fi shi nisan tafiya, domin shi har Yanbu ya je, a mota mai sanyi, ya yi kwana goma sha tara yana daura, wato kwas, na koyon tsaro. Ya dawo da takardar shahada mai hatimi biyu, da gashin baki sabon gyara, da ilimin da har yau ba a gano ƙarshensa ba. Wata sharika, wato kamfani, mai ajiye siminti da bututu a bayan Bi'ir Ali ta naɗa shi ra'is, wato shugaban masu gadinta. Masu gadin su huɗu ne, har da shi.

Sharikar tana da bindiga ɗaya mai lasin, ƙaramar musaddas ta hannu, ƙirar ƙasar Beljik, irin wadda take tofar da kwanson harsashi da kanta ta ɗauko wani. A ƙugun Ustaz take wuni, cikin kuben fata. Ya raɗa mata suna 'Yar Beljik, mutanen unguwa kuma suka raɗa masa Janar. Da sunan ya kai kunnensa bai yi fushi ba. Ya ce dai an ɗan yi gaggawa.

Bayan la'asar, idan aka shimfiɗa darduma a ƙofar gidansa aka kawo gahawa da dabino, nan ake buɗe makaranta. Ustaz ya rubuta risala mai shafi shida a kan cututtukan bindiga, ya kai an buga masa da tafireta a Bab Majidi.

"Ya jama'a," yakan ce, "cijewar musaddas iri uku ce. Ko dai ƙugiya ta kasa fizgo kwanso daga ciki, ko ta fizgo shi a kasa jefar da shi waje, ko kuma sabo ya taho ya tarar da tsoho bai tashi ba. Jahili yana ganin ƙarfe. Ni ina jin numfashinta."

Masu sauraro, direbobi biyu da tela da wani mai sayar da tasbaha, sai su ce masha Allah, su miƙa hannu ga dabino.

Amma abin da ya fi risalar kyau shi ne riƙon. Ustaz ba ya damƙar bindiga kamar ɗan dako ya sami buhu. Yana ɗaukarta ne yadda manyan Madina ke ɗaukar finjalin gahawa: yatsu uku, a hankali, ƙaramin yatsa a sama yana shan iska, wuyan hannu a sake domin agogonsa na zinari ya faɗo inda za a gan shi. "Mai ilimi," in ji shi, "lallashin kayan aiki yake yi. Ƙarfi na jaki ne."

Shekara guda ana wannan karatu ba a ji ƙarar 'Yar Beljik ba. Dokin mai baki ya fi gudu. Sai wata Alhamis almajiransa suka matsa, shi kuma ya tausaya musu. Aka cika mota biyu aka fita can bayan iyakar haramin Madina, cikin wani kwari, aka jera gwangwanayen madara a kan dutse.

Ustaz ya gyara guturar da ya yafa a ka, ya ɗaga ƙaramin yatsa, ya ja kunama. Tau! Harsashin ya tafi wani wuri da Allah kaɗai ya sani. Ya sake ja, shiru. Da aka duba, ga kwanso ya maƙale a tsaye a bakin tagar bindigar, kamar taba a leɓen karen mota.

"Nau'i na biyu," ya ce, ko gezau bai yi ba. "Shafi na huɗu. Kun ga amfanin karatu."

Ya cire kwanson, ya sake harbawa. Nau'i na biyu ya sake bayyana. Har sau biyar risalar tana gaskata kanta. Tela ya ce shi dai bai taɓa ganin littafi mai gaskiya irin wannan ba.

Daga ranar aka shiga jinya. Ustaz ya fara da harsashi, ya ce tsoho ne, aka sauya. Ya koma kan ƙugiya, aka aiko da sabuwa daga Jidda. Ya zargi sifirin, ya zargi gidan harsashi, ya zargi zafin Madina da cewa bai dace da ƙarfen Turawa ba. Ya kwance ta a kan farin mayafi, ya leƙa cikinta da madubin mai gyaran agogo. Matarsa Raliya, da ta gaji da ganin ƙarfe a kan faifan abinci, ta ce ko baki ne, ta turara ta da turaren luban. Ustaz ya yi mata wa'azi a kan camfi, sannan ya bar bindigar a kan kaskon har hayaƙin ya ƙare.

Duk Alhamis a koma kwari, duk Alhamis taba a leɓe. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Bayan wata biyu binciken ilimi ya kai ga mai laifi.

Sunansa Sabiru, mai tsaron ƙofar sito, mutumin Chadi, ɗan shekara hamsin da wani abu, dogo, marar magana. Shi ne yake goge bindigar ya shafa mata mai duk Asabar, domin Ustaz ba ya son baƙin mai a farcensa. Ya taɓa yin shekara goma sha ɗaya a soja a ƙasarsu, amma wannan ba abin lissafi ba ne, tunda ba shi da shahada mai hatimi ko ɗaya. Sau biyu ya ce, "Ya Ustaz, da za ka ba ni izini in faɗi wata kalma a kan bindigar nan," sau biyu aka tuna masa cewa ƙofa aka ba shi.

Ustaz ya rubuta takarda ga mudir, manajan sharikar, shafi uku, cewa Sabiru ya lalata dukiyar sharika da jahilci, kuma ba mamaki da gangan. Mudir mutum ne mai son gajeren zance. Ya ce iƙamar Sabiru, wato takardar izinin zamansa a ƙasar, saura mako uku ta ƙare. Mufattishi, mai binciken kayan tsaro, zai zo daga Yanbu ya duba bindigar kamar yadda aka saba duk shekara. In ya tabbatar, ba sabuntawa, sai fita ta ƙarshe daga ƙasar.

Kowa a sito ya san inda fitar za ta kai shi. Injamena ana yaƙi a cikinta, gidansa na can an ce ko bango bai rage ba. Matarsa Ƙaltume da 'ya'yansu mata uku suna ɗaki ɗaya a Ranuna, a kan takardarsa suke zaune. Direbobin majalisar ƙofar gidan Ustaz suka roƙi Janar ya sassauta. Ya ce zuciyarsa tana tare da su, amma ilimi amana ne.

Mufattishin ya zo ranar Litinin. Wani gajere ne mai suna Abdulrauf, mai tabarau, jikan Takari, irin waɗanda ke jin Hausa sarai su amsa da Larabci. Aka tafi kwari, shi da mudir da Ustaz da wanda ake tuhuma. Aka jera gwangwanaye bakwai.

Ustaz ya yi muƙaddima ta minti arba'in. Ya fara daga ƙirƙiro albarushi. Abdulrauf ya dubi agogo sau uku, daga bisani ya ce da Larabci, "Tayyib, ya Ustaz. Harba."

Yatsa ya tashi, agogo ya faɗo. Tau! Taba a leɓe.

"Ka gani da idonka, ya Sa'adatal Mufattish!" Ustaz ya juya yana murna kamar wanda aka yi wa haihuwa. "Wannan aikin hannun mutumin nan ne. Ya kashe ta."

Abdulrauf ya karɓi bindigar ya cire kwanson, ya juya ta, ya duba ƙugiyar, ya shinshina, ya ɗan yi tari saboda luban. Sai ya miƙa wa Sabiru.

"Da kyau," in ji Ustaz. "Bari ya ɗanɗana abin da ya shuka."

Sabiru ya yi bisimilla. Ya damƙe ta da hannu biyu, damƙa irin ta marasa karatu, ya kafe wuyan hannu kamar turmi. Ƙara bakwai a jere. Gwangwani shida suka bar dutsen. Kwanso bakwai suka yi tsalle ɗaya bayan ɗaya, na ƙarshen ya sauka a aljihun gaban taub, doguwar rigar Ustaz, da zafinsa. An ce a ranar ne aka fara ganin Janar yana rawa.

Da ya huce ya ce, "Ta ɗumama ne. Shafi na biyar. Ba ni."

Aka ba shi. Tau! Taba a leɓe. Mufattish ya karɓa ya harba uku lafiya. Mudir, wanda bai taɓa riƙe abin da ya fi alƙalami nauyi ba, ya runtse ido ya damƙe da dukan ƙarfinsa don tsoro, ya harba biyu lafiya. Aka mayar wa Ustaz. 'Yar Beljik ta gane mai gidanta nan take.

Abdulrauf ya dubi Sabiru. A karo na farko ya yi Hausa, mai ɗan nauyi: "Baba, mene ne ciwonta?"

Sabiru ya sunkuyar da kai. "Lafiyarta ƙalau, ranka ya daɗe. Ita dai in ta harba, samanta yana ja da baya ya jefar da kwanso. To sai ta sami abin jingina. Hannun Ustaz kuwa, Allah ya ƙara masa daraja, laushi gare shi. Tana ja, yana binta."

"Me ya hana ka faɗa tuntuni?"

"Ƙofa aka ba ni."

Ustaz ya buɗe baki zai kawo shafi na shida. Mudir ya ce, "Khalas."

A takardar mufattish akwai wurin da ake rubuta ɓangaren da ya kamata a sauya. Abdulrauf ya cike shi da kalma biyu: mai riƙewa. A makon nan aka sabunta iƙamar Sabiru. Ƙaltume ta dafa asida, tuwon ƙasarsu, ta aika har gidan Raliya, Raliya kuma ta karɓa ta cinye ba ta tambayi dalili ba. 'Yar Beljik ta koma cikin akwatin ƙarfen mudir.

Kada mai karatu ya ɗauka an rage wa Ustaz daraja. Shi da bakinsa ya bayyana wa majalisa cewa sharika ta ga bai kamata a bar basira irin tasa a bakin sito ba, shi ya sa aka matsar da shi ofis, sashen tarbar manyan baƙi. Kuben fatar yana nan a ƙugunsa, a ciki yake ajiye hel, kayan ƙamshin gahawa. Yana tsaye da butar gahawa a hagu, finjali a dama, yatsu uku, ƙaramin a sama.

Kuma a faɗi gaskiya ko don Allah: shekara uku ke nan yana wannan aiki, finjali bai taɓa cije masa ba.