Ranar da Baƙin Yendi Suka Ci Man Ƙuguna

Ba zan taɓa mantawa da bikin sunan ɗana na fari ba, ko da kuwa mutanen Yendi za su bar ni in manta. Abin da na zuba a wannan ciniki: gyaɗa kwano biyu, riɗi kwano ɗaya, gero rabin kwano, zuma kwalba guda daga Garu, sai kuma kakar gyaɗa ta shekara ɗaya cur. Sauran duk kaya ne kawai. Kakar ce abin ji.

Wannan ya faru ne a Bawku, 'yan shekaru bayan babbar yunwar nan. Ni dillaliyar gyaɗa ce da man kaɗe. Da tire na fara, har na kai ga rumfa tawa ta kaina, kuma ba wanda ya ɗora ni. Mai wannan sana'a ya san idan sabuwar gyaɗa ta fara shigowa daga ƙauyuka, wadda ba ta cikin rumfarta ta yi asarar shekara, domin matan ƙauye ba sa jira. Wadda suka tarar, ita suke sauke wa kaya. To, a daidai wannan lokaci yaron ya ga dama ya zo. (Ɗan fari ne, ba zan kama sunansa ba. Yanzu ma ya fi ni tsawo.)

Mma, wato mahaifiyata, ta taso daga Salaga tun kafin in sauka, da ƙullin kayanta da wani ƙoƙo rufe da faifai. A cikin ƙoƙon akwai man kaɗe da ta haɗa da man zafi da wasu saiwoyi. Safe da yamma, bayan wankan ruwan zafi, sai ta kwantar da ni ta luma hannu a ciki ta murje mini ƙugu da ƙafafu. Ɗakin duka ya ɗauki warin, har zanin gado da gashin kaina.

Tun ranar da na haihu ta yanke hukunci. "Ana gama suna za mu tafi Salaga. Sai kin yi arba'in."

Na ce, "Mma, gyaɗa ta fara shigowa."

"Gyaɗa ce za ta gasa miki jiki? Mai jego kanta ba nata ba ne. Ke yanzu ko sunanki aka tambaye ki sai kin yi tunani."

"Kaina ƙalau yake."

"To, mu gani. In na ga kanki ƙalau har a watse suna, in bar ki."

Maigida, Iddirisu, yana bakin ƙofa yana jin mu. Ya duba sama, ya duba ƙasa, ya tuna yana da aiki a tasha.

Sai na fara lissafi. Hujjar Mma ita ce mai shayarwa ba ta rabuwa da yunwa, kuma a rumfa ba mai dafa mini. Ni kuwa ina da amsa. Lokacin da nake zuwa awo, akwai wata Baturiya mai aikin jinya da kan fito da wani abu daga jakarta, kamar yankan sabulu, ta ci a tsaye ta koma aiki. Wata rana ta gutsura mini. Ina taunawa ina ƙidaya: gyaɗa, hatsi, zuma. Ashe kantu ne ya yi boko. Duk abin da ke ciki ina da shi buhu-buhu. In na yi irinsa, zan shayar da hannu ɗaya, in ci da ɗaya, in yi ciniki da baki. In kuma fara gwada shi a kan dangin maigida da za su zo daga Yendi, su yaba a gaban Mma, magana ta ƙare.

Ana gobe suna Mma ta tafi kasuwa sayen goro. Na tashi na soya gyaɗa da riɗi da gero, na daka sama-sama, na zuba zuma. Yaro ya farka, na ba shi nono. Na dawo, abu ya ƙi kama jikinsa, yana warwatsewa. Yaro ya sake farkawa. Na ce mai yake so, abin nan. Da yaro a kafaɗa na miƙa hannu ƙarƙashin gado inda nake ajiye man kaɗen girki, na jawo ƙoƙo, na kwashe shi tas cikin kwaɓin, har na suɗe gefen da cokali, domin ni ba na ɓarna.

(A nan ya kamata in faɗi wani abu. A kasuwar Bawku an san ni da hanci. Nakan sunsuna man kaɗe in gaya wa mai shi ko na Yendi ne ko na Zebilla. Amma hancin da ya yi mako yana kwana cikin man zafi ya daina jin man zafi. Wannan ilmi ne da ban da shi a lokacin.)

Na shimfiɗa kwaɓin a tire, na miƙa ta kan katanga wa maƙwabciyata Anti Akosuwa mai gasa burodi, ta saka mini a tandarta. Da ta dawo da shi tana goge hawaye ta ce, "Mai jego, wannan abinci ne ko magani ne? Ido na yana yi ruwa."

Na ce, "Citta ce, Anti. Abin Turawa ne."

Ta ce, "Yoo," wato "to" a yarensu, ta sauka daga katanga.

Na yanka shi gida-gida, ya yi kyau, ya yi sheƙi. Ban ɗanɗana ba. Mai sayarwa ba ta cin kayan talla.

Washegari aka raɗa suna, aka yi addu'a. Mata suka cika ɗakina, Gwaggo Azara, yayar surukina, a kan kujera mafi kyau. Na fito da tire da kaina, na durƙusa na ajiye, na kuma aika rabi waje wurin maza. Na yi jawabi ma. Na ce wannan shi ne abin da ma'aikatan asibiti ke ci, mace ta ci guda ɗaya ta wuni tana aiki. Na kalli Mma.

Kowa ya ɗauka. Aka fara tauna.

Gwaggo Azara mace ce mai kunya. Ta tauna, ta haɗiye, ta buɗe baki kaɗan ta ja iska, sai idonta ya kawo ruwa. Ta ce, "Amarya, sannu da ƙoƙari. Yana da... sanyi."

"Citta ce, Gwaggo."

"Cittar Bawku daban ce," in ji ta, ta sake gutsura, don kada in ji kunya.

Mma ba ta ci ba. Ta ɗauki guda ta kai hanci. Ta ajiye. Ta sunkuya ta leƙa ƙarƙashin gado, ta jawo ƙoƙon girki, cike fal, ba a taɓa shi ba. Ta sake miƙa hannu ta jawo nata, ta buɗe faifai, ta juya shi kowa ya ga cikinsa. Wanke shi kawai ba a yi ba.

Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Azara, ajiye. Man da nake murza mata ƙugu ne."

Wata ta tofa a gefen zaninta. Wata ta ce, "La ilaha." Gwaggo Azara ta dubi abin da ya rage a hannunta, ta dubi ƙuguna, ta ajiye shi a hankali kamar ƙwai.

A daidai nan Iddirisu ya yi sallama daga ƙofa. Ya ce Baba Alhassan, kawunsa, ya aiko a tambaya ko da saura. Wata guda ke nan hancinsa a toshe, yanzu ya buɗe har yana jin ƙamshin tuwon maƙwabta.

Mma ta juyo gare ni. "Kanki ƙalau?"

Na ce, "Wace mota ce ke tashi da wuri?"

Ga yadda ciniki ya tashi. Na rasa gyaɗa, riɗi, gero da zuma. Na rasa kakar, matan ƙauye suka sauke wa wata, biyu daga cikinsu ba su dawo mini ba har yau. Anti Akosuwa ta sayar da burodi mai warin asibiti na kwanaki, sai da na ba ta haƙuri da gyaɗa. A Yendi kuwa, duk bikin da na je na miƙa wa mutum abinci, sai ya tambaye ni, da ladabi, ko na ci ne ko na shafawa.

Riba: a Salaga na yi barci. Ba wanda ya mutu. Baba Alhassan ya riƙa aiko mini da gaisuwa ta musamman har ƙarshen ransa. Na kuma koyi ɗanɗana kayana kafin in yi jawabi a kansu.

Da na zo haihuwa ta biyu, ba a yi gardamar tafiya Salaga ba. Mma ta tarar na riga na ɗaure kayana, ina zaune a kai.