Ranar da Injin Wanki Ya Buga Ƙofar Iya

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da injin wankinmu ya taka da ƙafarsa ya je ya buga ƙofar mamaciya. Kafin ku yi dariya, ku sani ni malamin kimiyya ne a wata sakandare a nan Jos, kuma in ana zancen fatalwa na fi kowa iya taɓe baki.

A gidan gado muke zaune, ginin kakanmu tun zamanin haƙar kuza. Iya, kakata da ta raine ni, a ɗakin ƙarshen baranda ta rasu, tun ranar muka kulle shi. Da aka zo rabon kayanta ban nemi komai ba sai bargonta, wani jibgege mai ruwan ƙasa. Da shi ta riƙa lulluɓe ni ina yaro, kuma shi kaɗai ya rage min nata.

Wata Asabar cikin damina, da rana tsaka, hadari ya rufe gari, sai aka kawo wuta. Matata Rabi ta tafi cefane kasuwar Taminus, ni kaɗai ne a gida. Bargon ya fara warin rima, na cusa shi a injin.

Wanki ya tafi lafiya. Da aka zo matse ruwa, sai na ji dum, dum, kamar ana daka a maƙwabta. Na leƙo baranda. Injin ya bar wurinsa. Yana tahowa a hankali, ya karkata nan ya karkata can, sak tafiyar Iya da ciwon gwiwarta. Bai tsaya ba sai a ƙofarta. Ya buga sau uku, ya yi tsit. Gidan ma ya yi tsit.

(A nan ne na tuna ni masani ne.) Na ja shi na mayar, na zuba riguna, ya matse su bai ko motsa ba. Na mayar da bargon. Ya sake kama hanya. Wallahi gwajin nan shi ya ƙarasa ni, don da takalmi ƙafa ɗaya na tsinci kaina a bakin titi.

Na kira Baffa, ƙanin mahaifina da ke Kuru. Ya ce, "Kai, mamaci ba ya dawowa. Ka yi mata addu'a kawai."

Na ce, "Baffa, da idona na gani. Abinta take nema."

Washegari da safe na naɗe bargon da danshinsa, na kai tasha, na miƙa wa wani dattijo mai jiran mota, na ce sadaka ce. Ko sunansa ban tambaya ba. Na kuma tayar wa dangi da hankali, har Baffa da goggonnina biyu suka zo ran Litinin don a yi addu'a.

Ashe Rabi ta kira mai gyara ban sani ba, wani Oga Dung. Muna kan tabarma ya shigo da jakarsa. Ya saurare ni har ƙarshe, sannan ya kwantar da kwalbar lemo a ƙasa. Kwalba ta gangara, ba ta tsaya ba sai a ƙofar Iya.

Ya ce, "Madam, kawo bargon oga."

Aka sa nawa, aka kunna. Da aka zo matsewa, injin ya ɗau hanya, ya je ya buga ƙofar, waya ta fizge daga bango, ya mutu.

Oga Dung ya dube ni. "Oga, naka ma ya je. Kai ma ka rasu ne?"

Goggo Asabe ta toshe baki da mayafi, kafaɗunta na rawa. Shi kuwa ya ci gaba: bargo in ya sha ruwa yakan dunƙule gefe ɗaya, nauyin ya riƙa jefa injin, ga simintin ya gangara, ga ƙafa ɗaya ba ta taɓa ƙasa. Ya murɗa ƙafar, ya ce a riƙa haɗa bargo da tawul. Sannan ya tambayi Rabi, "Oga wane aiki yake yi?"

Baffa ne ya amsa, a hankali: "Kimiyya yake koyarwa."

Da ƙasa za ta tsage, da na shige. Amma dariyar ba ita ta fi ci min rai ba. Da yamma na koma tasha, na zaga har sau uku ina tambaya, babu wanda ya san dattijon ko motar da ya hau. Na zauna a kan benci na yi kuka kamar ranar jana'izarta.

Yanzu duk abin da ya motsa a gidan nan, ƙafarsa nake fara dubawa kafin in kira Kuru. Iya ba ta taɓa zuwa karɓar bargonta ba. Ni na ɗauka da hannuna na bayar.