Layukan da Na Yanka da Hannuna

Ko da na so, ba zan iya mantawa da wata Alhamis a ofishin ƙungiyar manoman albasa ta Badafi ba. Ni ne sakatarenta, kuma a tsawon rayuwar aikina ba a taɓa dawo mini da takarda saboda kuskure ba. A makarantar mishan na koyi tafireta, wurin wata malama mai yawo da rula: da zarar ƙararrawar tafireta ta kaɗa, ka koma sabon layi, in ba haka ba yatsunka su ɗanɗana.

Kwamfutar ƙungiya ta tsufa, sai Malama Rabi, wadda na koyar a aji huɗu (yanzu ita ke koyar da kwamfuta a Kiru), ta ce za ta sa mata wani tsari na kyauta, wanda masana daga ƙasashe dabam-dabam suka haɗu suka gina, kuma kowa na da izinin leƙa cikinsa ya gyara. Raina bai kwanta ba. Amma a gabana ta buɗe wani baƙin allo, ta rubuta layi ɗaya tak, rubutu ya yi ta gangarowa, kafin shayina ya huce manhajar ofis ta zauna daram: ta rubutu, ta lissafi, har da ta zane. Na cire tabarau, na goge, na mayar. Mutanen da ba su san Badafi ba sun yi mana aiki, ba su ma nemi godiya ba.

Sai ta buɗe wasiƙarmu ta neman a gyara kwalbatin hanyar gonaki, shafi uku, wadda dole shugabanmu Alhaji Sule ya kai sakatariyar ƙaramar hukuma kafin a tashi aiki. Ta fito a wargaje: dogon layi, kalma ɗaya tilo a ƙarƙashinsa, dogon layi kuma.

Na miƙe gaban 'yan kwamiti bakwai na yi jawabi (minti goma, har da ɗaga yatsa) a kan illar tsarin kyauta da ba shi da mai tsawata masa.

"Malam, a yi mini izini," in ji Rabi. Ta danna wani maɓalli, sai ga wata 'yar alama a ƙarshen kowane layi. "Duk inda take, an danna maɓallin sabon layi ne. Kwamfuta da kanta take karya layi. Haruffan nan sun ɗan fi na da faɗi, shi ya sa abin ya fito fili."

"To, wa ya danna?" in ji Alhaji Sule, alhali ya sani. "Malam Sakatare, har yanzu kana jin ƙararrawar ne?"

Shekara shida ina yanka layi da hannu, ina yaba wa kaina.

Rabi ta share alamomin duka da umarni guda. Layukan suka taso suka daidaita kamar sahun salla. Kunya ta rufe ni, amma, in faɗi gaskiya, mamaki ya fi ta yawa. Alhaji ya hau acaɓa da wasiƙar, ya isa a kan lokaci.

Har yau idan na kai ƙarshen layi ɗan ƙaramin yatsana yakan motsa, sai in danne shi. Manuni kuwa, yatsan tsawa, ba na ɗaga shi sai na fara tambaya ko akwai maɓallin da ke nuna abin da ke ɓoye.