Rasuwar 'Yar Rana, Fitilar Gonar Gilashi

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kai a sunkuye, Malam Jaji na Kakangi, mazaunin Birnin Gwari a yanzu, yake sanar da 'yan uwa da maƙwabta da abokan zaman majalisa rasuwar fitilarsa, wadda aka fi sani da 'Yar Rana. Ta rasu ranar Alhamis ta wancan makon, bayan la'asar, tana da wata huɗu da 'yan kwanaki a duniya. Sanarwar ta makara. Dalilin makararta yana ƙasa, kuma ba abin alfahari ba ne.

Ga wanda bai san marigayiyar ba, doguwa ce siririya, tsawon kamu guda da rabi, da ƙananan ƙwayaye a jere a cikinta, irin waɗanda masu lantarki ke kira el-i-di. Aikinta tsayuwa a kan akwatin gilashi mai ruwa. Tun da 'yan bindiga suka raba Malam Jaji da gonarsa ta bakin daji, bai sake riƙe fartanya ba. Maƙwabcinsa Malam Andrawus, tsohon malamin kimiyya, shi ya ga yana zaune yana kallon bango, ya ba shi akwatin. Malam Jaji ya shimfiɗa yashin rafi, ya dasa ciyayin ruwa kala huɗu, ya saki 'yan kifaye bakwai. Mutane suna cewa wasan yara. Shi yana cewa gona.

Gona kuwa tana son rana, ɗakin haya kuma duhu gare shi. Mirabel, 'yar Malam Andrawus, ta zo da fitilu uku daga Kaduna don a zaɓa. Ran Malam Jaji ya kwanta a kan wadda ke juyawa daga ja zuwa shuɗi zuwa ruwan hoda. Malam Andrawus ya ce, "Maƙwabci, ciyawa za ka noma ko gidan biki za ka buɗe?" Aka ɗauki marigayiyar, mai farin haske irin na hantsi, wadda tsawonta ya yi daidai da akwatin, tana da maɓallin rage ƙarfi, ba ta kuma wahalar da batirin sola.

Halinta ba sai an faɗa ba. Ba ta hayaƙi, ba ta zafin rai, ba ta taɓa neman kananzir ba. In an kunna ta sai ta ce ƙit, sau ɗaya, sannan wanda ya kasa kunne sosai ya ji wani siririn ziii, kamar sauro mai ladabi. A ƙarƙashinta ciyayin suka miƙe, har akan ga ƙananan ƙwayoyin iska suna tashi daga ganye kamar an watsa tsakiya. Malam Jaji yakan jawo kujera ya zauna. Yakan ga fadamar Kakangi a ciki.

Dokar da Malam Andrawus ya kafa gajera ce. Rabin ƙarfi, awa shida a rana, har shukar ta kama ƙasa, sannan a ƙara kaɗan kaɗan zuwa takwas, kada a wuce. Da yake Malam Jaji ba ya shiri da agogo, sai ya lissafa masa da abin da ya sani: a kunna da hantsi, a kashe da kiran la'asar. Asama'u, mai ɗakin Malam Jaji, ita ta karɓi wannan aiki. Ko tana tsakiyar tuƙa tuwo, ladan na ɗaga murya za ta goge hannu ta je ta kashe. Ba ta taɓa kuskure ba. A rubuta wannan, a ja masa layi.

Rashin lafiyar marigayiyar daga mai ita ya faro. Malam Jaji ya yi shekara hamsin yana noma, bai taɓa ganin ranar da ta tashi aiki da la'asar ba. A saninsa dawar da ke inuwa ba ta yin zangarniyar kirki. Awa shida ta yi masa kama da aikin malalaci. Bayan wannan kuma, in an kashe fitilar, bango yake komawa kallo. Sai ya riƙa bin bayan Asama'u yana kunnawa. Daga la'asar ya kai magariba, daga magariba ya kai isha, daga baya ya fara tashinta tun asuba, ya kuma murɗe maɓallin har ƙarshe. Asama'u ta ce, "Malam, ni na kashe ta. Wa ya kunna?" Ya ce wataƙila da kanta ta farka.

Cikin mako uku gansakuka ta rufe gilashi, ta nannaɗe ganyayyaki. Ganye ya fara rawaya. Manomi in ya ga rawaya, abu ɗaya ya sani, don haka ya barbaɗa ɗan takin zamani a ruwan, bai gaya wa kowa ba. Ruwa ya koma kamar miyar kuka. Kifi biyu suka riga mu gidan gaskiya. A nan ma bai zargi yawan haske ba, cewa ya yi hasken ne ba ya isa ƙasa. Ya kwance wa marigayiyar ƙafafunta na ƙarfe, ya gitta kara biyu a bakin akwatin, ya kwantar da ita a kai, yatsa guda tsakaninta da ruwa.

Ranar Alhamis ɗin Asama'u ta tafi barka. Malam Jaji ya tura hannu don yin noman farko, wato tuge gansakuka, bai naɗe hannun rigarsa ba. Riga ta ja kara. Marigayiyar ta ce tsss, ta ce tas, ba ta ƙara cewa komai ba.

Abin da ya biyo baya shi ne ya jinkirta wannan sanarwa. Ya tsamo ta, ya goge ta da rawaninsa, ya mayar mata da ƙafafunta, ya jefa karan a murhu. Washegari da hantsi Asama'u ta goge gilashin da jiƙaƙƙen tsumma kamar yadda ta saba, ta danna maɓalli, shiru. Malam Andrawus yana tsaye a bakin ƙofa da wasu maƙwabta biyu. A gabansu Malam Jaji ya buɗe baki ya ce, "Ke kuma me kika yi mata? Ba na ce ki daina kawo ruwa kusa da ita ba?" Bai taɓa faɗa mata haka ba. Ta dubi ƙafafun fitilar da aka mayar, ta dube shi. Ba ta tona shi ba. Ta ninke tsumman, ta ɗauki mayafi, ta tafi gidan ƙanenta Isah. Shekara arba'in da ɗaya da aure, ba ta taɓa yin yaji ba, ko daren da suka baro Kakangi da ƙafa ita ce ta riƙe masa hannu. Yau kwananta shida.

An kai gawar wurin Bilyaminu mai gyaran rediyo don a san musabbabi. Ya kwance ta, koren ruwa ya zubo, tare da ɗan ƙaramin dodon koɗi. Ya ɗaga shi a kan tsinken sukurdireba ya ce, "Baba, tsumma ba ya saka dodon koɗi a cikin fitila." Malam Jaji ya nemi ƙasa ta tsage, ba ta tsage ba.

Saboda haka ana sanar da duk wanda ya ji zancen farko, da duk wanda aka kai wa shi a bakin rijiya, cewa Asama'u ba ta da hannu a wannan mutuwa. Mai gonar ne ya kashe ranarsa, ya kuma yi ƙarya.

Marigayiyar ta bar kifaye biyar, da ciyayi kala uku a raye da ɗaya da ba a tabbatar ba, da dodon koɗi da ba su ƙirguwa, da batirin sola da ya rasa wa zai yi wa hidima. Ta kuma bar kakarta aci-balbal, wadda aka fito da ita daga ƙarƙashin gado ba da son ranta ba.

Game da jana'iza: liman ya ce ba a yi wa fitila salla, an kuma karɓi wannan ba musu. An canza rabin ruwan akwatin, an lulluɓe shi da baƙin bargo na kwana uku. Malam Andrawus ya ce duhu ne maganin gansakuka, Malam Jaji ya ɗauke shi zaman makoki. An naɗe marigayiyar a farin ƙyalle, tana cikin kwalin da ta zo da shi. An haƙa mata wuri a bayan ɗaki, gindin zogale. Ba a sa ranar rufewa ba, domin wadda ta kula da ita a raye ita ce ya kamata ta zuba ƙasar farko, ramin kuma zai zauna a buɗe har ta zo.

Za a karanta wannan takarda da ƙarfi a zauren Isah gobe bayan sallar Juma'a. Malam Jaji zai tsaya daga waje. Masu ta'aziyya kada su wahalar da kansu zuwa wurinsa, ba shi ne ya cancanci a ba haƙuri ba. Wanda ya san Asama'u tana jin maganarsa, shi ake roƙo, don Allah, ya riga kowa zuwa wurinta.