Yadda Za Ka Koyar da 'Yan Jami'a Kasuwancin Ƙasa da Ƙasa Ko da Ba Ka Iya Rubuta Sunanka Ba

Ni ne Alhaji Bobboyi mai takalman roba, kasuwar Jimeta. Shekara arba'in ina kai kaya Garwa ta ƙasar Kamaru, ban taɓa shiga aji ba sai ranar da na shiga a matsayin malami. Ka bi matakan nan, na ba ka tabbacin za a tafa maka. Ni an tafa mini.

1. Ka amsa gayyata tun kafin ka gane ta

Dakta Keturah, malama a jami'ar da ke wajen Sangere, ta zo sayen silifa. Muka yi hira, sai ta ce, "Baba, ɗalibaina sun karanta kasuwancin ƙasa da ƙasa a littafi, amma ba su taɓa ganin wanda ya yi shi ba. Za ka zo?" Na ce ai ni ne littafin. Sai da ta tafi na tuna littafi ana buɗe shi.

2. Ka karɓi sharaɗin jikarka

Ka bincika ko kana da jika a ajin. Ni ban bincika ba. Jikata Nahla ce ta same ni a shago, fuska a ɗaure. Ashe ta gaya wa ƙawayenta kakanta babban mai fitar da kaya waje ne, ba ta faɗa musu ko baƙi ɗaya bai sani ba.

"Kaka, abu biyu nake roƙo. Kada ka nuna ka san ni. Kada ka je kusa da allo."

"To, uwargida."

"Ka ga irinta ko? Wannan ma ka bar shi a gida."

Ka yi dariya kamar bai yi maka zafi ba. Zai yi.

3. Ka sayi tabarau

Idona lafiya lau, ina gane jabun roba daga tsallaken titi. Amma mai tabarau da jarida a hammata ba a tambayarsa inda ya yi makaranta.

4. Ka cinye lokaci da gaisuwa

Minti arba'in aka ba ni, na kashe ashirin a layin gaba. Ɗan wa ne kai, daga ina, yaya mutanen Numan, ruwa ya sauka a wajenku? Dakta tana ta duba agogo. Na ce mata ai darasin ke nan. A Garwa, wanda ya kwance buhu bai tambayi lafiyar tsohuwar mai shago da shanunsa ba, zai ɗaure buhunsa ya komo da shi. Suka duƙa suna rubutawa. Ni da nake neman abin da zai kai ni ƙarshen lokaci, sai ga shi na zama ilimi.

5. In an jefo maka Turanci, ka mayar da labari

Wani dogo mai suna Othniel ya miƙe ya zuba Turanci. Na gyara tabarau ina gyaɗa kai, har Dakta ta tausaya ta ce yana tambayar yadda ɗan kasuwa ke kare kansa daga haɗari.

Na ce a da shagona a Mubi yake. Ranar da 'yan bindiga suka shigo garin a 2014, ni mai takalmi dubu na fita da ƙafa ɗaya a silifa, ɗaya ba komai, da wata yarinya 'yar shekara bakwai a kafaɗa. Muka bi duwatsu muka faɗa Kamaru. Wanda ya buɗe mana ƙofa Ishmael ne, mai sayen kayana, wanda na taɓa rufe shago kwana uku don in je jana'izar babansa. Wata uku muna cin tuwon gidansa kafin mu komo Yola, muka zauna sansanin 'yan gudun hijira na Malkohi. Na ce to ka ji kariyata, yaro: ka riƙa zuwa jana'iza.

Kada ka kalli layin baya. Ni na kalla, na ga Nahla kanta a sunkuye.

6. Kada ka ba da labari mai daɗi da yawa

Nan na yi kuskure. Othniel ya taso da ladabi ya miƙo mini alƙalamin allo. "Baba, don Allah ka rubuta mana sunayen garuruwan da kuka bi."

Na karɓa. Mutumin da ya yi ciniki da Fulatanci da Hausa da Faransancin tasha ya tsaya gaban farin allo, ya ja layi ɗaya, karkatacce. Na cire tabarau na goge. Na mayar. Na sake gogewa. Wata a gaba ta soma raɗa.

Sai na ji kujera ta motsa daga baya. Nahla ta sauko har gaban mutum ɗari biyu ta zare alƙalamin daga hannuna.

"Kakana ne, bai yi boko ba," ta ce da su. "Ni ce yarinyar da ya ɗauko. Kaka, kai faɗa, ni in rubuta."

Da na buɗe baki, abin da ya fito shi ne, "To, uwargida, sa Mubi a sama."

Aji ya kwashe da dariya, aka hau tafi. Ta harare ni, ta rubuta.

Gargaɗi

In ka bi matakan nan alhali ba ka da jika a ajin, za ka kwana gaban allo da alƙalami a hannu, kuma babu ruwana. Wanda bai ji daɗin wata kalma a nan ba, kada ya zo shagona. Ni faɗa kawai na yi. Mai rubutun tana aji uku, ku same ta can.