Dutsen Ƙasan Teku da Kaushin Ƙafata

Ba zan taɓa mantawa da dawowar takwarata Ummi daga ƙasar Turawa ba, ko da tsufa ya kwashe mini sauran tunani. Jikata ce, 'yar ɗana na fari, sunana aka sa mata. Ni ban taɓa taka ƙofar makarantar boko ba. Ginin tukwane na gada a nan Wudil, shi na yi har bayana ya ce ya gaji. Ita kuwa ta yi karatu har ta zama dakta a ilimin duwatsu, aka riƙe ta can tana ci gaba da bincike.

Ga aikin nata yadda ta faɗa mini. Hayaƙin masana'antu ya yi wa duniya yawa yana ƙara mata zafi, shi ne ake so a tura shi ƙarƙashin teku, cikin wani dutse mai tsotse abu, wani dutsen ya danne shi kamar murfi. Ita ke duba ko akwai tsaga, kada ya sulale ya dawo. (Na gyaɗa kai na ce Allah ya yi albarka. Ko rabi ban gane ba.)

Ranar rabon tsaraba sai ga Hajiya Tabawa daga Kausani, kakarta ta wajen uwa. A gabana aka dire mata leshi da turare da takalmi mai taushi. Ni kuwa aka miƙo mini ɗan akwati. Na buɗe da bismillah, sai na ga dutse. Dutse fa, jama'a, mulmulalle kamar gaɓar rake, da ɗan rubutu a jikinsa. (Gaskiya akwai atamfa ma, amma idon mai ƙyashi ba ya ganin atamfa.)

"Iya, ki adana shi da kyau," in ji Ummi. "Zan ba ki labarinsa."

Kafin ta fara, baƙi suka yi sallama, ta tashi tarbarsu. Washegari ta wuce Abuja, sai da ta yi sati uku.

Ni da na goya yarinyar nan, a ɗakina aka yaye ta, ni ce ta dutse? Hajiya Tabawa kuwa duk Juma'a sai ta biyo ta gidanmu tana ƙamshi, tana cewa, "Hajiya, ina gajiya? Kin ji turaren jikata?" Jikarta! Na haɗiye, na ce babu komai, dutse ma ba ya rasa amfani. Na kai shi banɗaki na ajiye kusa da sabulun salo. Kullum da safe in jiƙa ƙafa in goge kaushi da shi, duk gugar da zan yi Hajiya Tabawa ce a raina. Wallahi ban taɓa samun magogi irinsa ba.

Da Ummi ta dawo, ubanta ya haɗa mata walima a tsakar gida, har malaman jami'a suka zo. Ta karɓi lasifika.

"Ina ƙarama," ta ce, "idan an kwashe tukwane daga wuta, Iya kan zaunar da ni kusa da ita. Ta ƙwanƙwasa randa da yatsa, ta kasa kunne, ta ce wannan da tsaga, ba za ta riƙe ruwa ba. Aikin da nake yi ke nan har yau. Guntun dutsen da na fara gwadawa, daga ƙarƙashin teku aka haƙo shi. Da aka gama da shi na roƙa aka bar mini, ita na kawo wa. Iya, a ɗauko malamai su gani."

Na yi wuf na ce, "Ai yana can ƙasan adaka, sai an yi bincike."

"A'a Iya, a banɗaki na gan shi," in ji surukata, uwar Ummi, baiwar Allah mai saurin aike. "Bari in kawo."

A kan faranti ta kawo shi. Ya siɗe ya zama kamar ragowar sabulu, rubutun ya tafi. Wani malami ya gyara tabarau yana jujjuya shi.

"Ikon Allah! Ruwan teku ne ya cinye shi haka?"

Hajiya Tabawa ta leƙa ƙasa ta ce, "Wane teku, malam? Dubi diddigen Hajiya, sumul kamar na amarya."

Tsakar gida ta kece da dariya. Na ja zane na rufe ƙafa, na nemi ƙasa ta tsage, ta ƙi. Ummi ce kaɗai ba ta yi dariya ba. Ta ɗauki dutsen tana dubawa, wannan kallon ya fi dariyar yi mini ciwo.

Na ce, "Takwara, ki yafe mini. Ƙyashin leshi ne."

Ta durƙusa ta sa mini shi a tafin hannu ta rufe. Sannan ta murmusa. "Iya, da na'ura muka matse dutsen nan bai fashe ba. Ashe kaushinki yake jira."

Yanzu ragowarsa na cikin kwalla, tare da zoben mahaifiyata. Kaushi ya dawo, na ƙyale shi. Shekara da shekaru ban taɓa yar da tukunya ba sai na ƙwanƙwasa na saurara, amma tsarabata ban jira na ji muryarta ba. Ashe mai neman tsaga a randar wasu, ta fara ƙwanƙwasa tata.