Satifiket Ɗin Musyu Dogara

Duk faɗin Inugu, daga Coal Camp har Uwani, ba a taɓa yin masanin Faransanci irin Musyu Dogara ba. Shi da kansa ya tabbatar da haka. Ya yi karatunsa mai zurfi a Kwatano, garin masu jin Faransanci, inda ya kwana tara yana jiran a gyara motar goro. Ya dawo da baƙar hula mai kama da faifai da kalmomi goma sha ɗaya, ya buɗe makaranta a bayan mayanka.

"Faransanci ba a baki yake ba," in ji shi, "a kafaɗa yake."

Haka za ka iske ƙattin mahauta a kan benci suna ɗaga kafaɗa suna taɓe baki har la'asar. Ya hana durƙuso, ya hana doguwar gaisuwa.

"Bafaranshe ba ya tambayar gajiya. Sumba biyu, kuncin dama da na hagu, shi ke nan."

Ɗaliban suka ce ko kusa ba za su sumbaci juna ba, sai aka riƙa gwaji da kan bijimin da aka yanka. Inna Barira mai tuwo ta leƙo ta yi dariya har da riƙe ciki. Musyu ya yanke mata hukuncin cewa kafaɗarta ta ƙauye ce, ba za ta taɓa iyawa ba.

A shekarar alif ɗari tara da sittin da shida gari ya rikice wa 'yan Arewa mazauna Inugu. Tsoro ya kama kowa, jirgin ƙasan Arewa kuma babu wurin sa ƙafa. Sarkin fawa Idrisu ya samo babbar mota, mutum talatin da ɗaya suka nufi Kamaru ta hanyar Ikom. In jandarmomi, wato 'yan sandan iyakar Kamaru, suka ƙi buɗe musu, babu inda za su koma.

"Ku bar ni da su," in ji Musyu. "'Yan'uwana ne a ilimi."

Da isa ya gyara hula, ya tunkari wani zabgegen jandarma, ya kama kunnuwansa yadda ya saba kama na bijimi, ya manna masa sumbar dama. Ta hagun ba ta samu shiga ba. Mari ɗaya ya raba shi da hular, aka ɗaure shi a jikin sandar tuta, aka ce mota ta juya. Mata suka fara kuka.

Inna Barira ta sauko a hankali, ta durƙusa.

"Ranka ya daɗe, ina wuni? Ina gajiya? Yaya iyali?"

Jandarman ya amsa da Hausa. "Lafiya lau, Inna. Yaya hanya?"

Ashe ɗan Garwa ne ta arewacin Kamaru, shekara biyu ba wanda ya tambaye shi iyalinsa. Suka gaisa har kan kakanni, sannan ya nuna sandar tuta.

"Wannan fa?"

"Namu ne, ɗana. Haka Allah ya yi shi."

Jandarman ya tausaya, ya buɗe hanya, ya rubuta wa Musyu takarda ta musamman da Faransanci, har da hatimi, don kada a sake dukansa a gaba.

Musyu ya sa wa takardar gilashi. Tana nan rataye a sabuwar makarantarsa ta Garwa, yana nuna wa baƙi shaidar da gwamnati ta ba shi. Garin cike yake da masu karanta Faransanci, amma mutanen kirki ne. Har yau ba wanda ya gaya masa an rubuta: "Mahaukaci ne, amma ba ya cizo."